Rabaran Gudina Tumsa Na Habasha (1929-1979): Fasto A Ƙasar Da Ta Ce Babu Allah

Dattawa da yawa a Gombe, da Kaltungo, da Billiri, da Tula ba su manta da Muryar Bishara ba. A shekarun 1960 da na 1970 iyali sukan kewaye akwatin rediyo su saurari wa'azi da waƙoƙin yabo cikin harshen Hausa. A Jos ake haɗa shirye-shiryen, amma ba daga Jos suke fitowa ba. Akan naɗe su a tef a aika da su Addis Ababa, babban birnin Habasha, inda Tarayyar Ikkilisiyoyin Lutheran ta Duniya ta buɗe wata babbar tashar rediyo a 1963, daga can kuma a watso su a gajeren zango zuwa ƙasar Hausa. Ranar Asabar 12 ga Maris 1977 sojoji suka mamaye tashar, gwamnati ta ƙwace ta, ta mai da ita bakin juyin juya hali. Masu sauraro a nan suka nemi muryar da suka saba ji suka rasa. Kaɗan ne suka san irin halin da masu bi suke ciki a ƙasar da muryar take fitowa. Kaɗan ne kuma suka taɓa jin sunan faston da yake tsaye a gaban wannan guguwa, wanda ba shi da sauran shekara uku cikakku a duniya.

An haifi Gudina Tumsa a 1929 a Boji, cikin lardin Wallaga da ke yammacin Habasha. Iyayensa talakawa ne manoma, 'yan ƙabilar Oromo, wadda ta fi kowace ƙabila yawa a ƙasar amma ba ta da murya a fadar sarki. Boji tana da tarihi a wurin masu bi, domin a nan ne wa'azin bishara ya kafu a yankin a 1898, ba kuwa Turawa ne suka kawo shi ba. Wani limamin Kirista daga arewa mai suna Gebre Ewostateos ne ya zo tare da abokin aikinsa Daniel Debela, wanda bawa ne da aka 'yanta. Shekara guda bayan haka aka buga Littafi Mai Tsarki cikin harshen Oromo, fassarar Onesimos Nesib, shi ma 'yantaccen bawa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan a ransa, gama rana tana zuwa da gwamnati za ta kira bangaskiyar mutanen Wallaga addinin baƙi.

Gudina ya ba da gaskiya ga Almasihu tun yana yaro. Ya yi karatu a makarantun 'yan mishan na ƙasar Suwidin a Najo da Nakamte, sa'an nan ya koyi aikin diresa a asibitin Nakamte. Yana wanke miki yana ba da magani, in an tashi daga aiki kuma ya shiga wa'azi. Dogo ne ƙwarai, mai kaifin basira, ba ya ɓoye abin da ke ransa, ba kuma mai sauƙin lanƙwasawa ba ne. Ya auri Tsehay Tolessa, wadda za ta sha nata rabo na tsanani daga baya. Iyayensa sun rasu sun bar masa ƙane mai suna Baro, wanda ya girme shi da kusan shekara tara. Gudina ne ya rene shi ya sa shi makaranta. Da jama'ar Nakamte suka ga baiwar wannan diresa, suka nemi ya zama fastonsu. Ya shiga makarantar tauhidi a Najo a 1955, aka keɓe shi a 1958.

A watan Janairu na 1959 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin 'yan mishan na Lutheran suka haɗu suka zama ɗarika ɗaya mai suna Mekane Yesus, wato mazaunin Yesu. Membobinta a lokacin ba su wuce dubu 20 ba. Ɗarikar ta tura Gudina aiki a yankin Kambata a kudu, daga baya ya tafi Amurka, inda ya yi shekara uku, daga 1963 zuwa 1966, a makarantar tauhidi ta Luther da ke birnin St. Paul. Ya isa can a daidai lokacin da baƙaƙen fata suke gwagwarmayar neman 'yanci ƙarƙashin jagorancin wani fasto, Martin Luther King. Ya kuma karanta rubuce-rubucen Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945. Da ya dawo gida a 1966 aka naɗa shi Babban Sakataren Mekane Yesus, muƙamin da ya riƙe har ranar mutuwarsa.

Habashar da ya dawo ya tarar ƙasa ce mai kiran kanta ta Kirista. Sarki Haile Selassie yana kan gadon mulki, tsarin mulki ya ce Ikkilisiyar Orthodox ita ce addinin gwamnati, ita kanta ikkilisiyar tana riƙe da filaye masu yawa. A kudu da yamma kuwa manomi yakan yi noma ya miƙa sulusi ko rabin amfanin gonarsa, wani wuri ma fiye, ga mai ƙasa wanda sau da yawa yana zaune a birni. Ba a koyar da ɗan Oromo da harshensa a makaranta. Musulmi da masu bin ɗarikun bishara duka a bayan layi suke. Gudina ɗan irin waɗannan manoma ne, ya san abin da ake nufi da a yi shuka a girbe wa wani. A farkon 1973, sarki yana nan da ƙarfinsa, babban taron Mekane Yesus ya yi kira ga hukuma ta gyara dokar mallakar ƙasa. Ikkilisiya ƙarama ce, hukuma ba ta kula ba, amma an rubuta cewa ta faɗa.

Abin mamaki shi ne, muhawararsa ta farko da rashin bangaskiya ba da 'yan gurguzu ya yi ta ba, da masu ba da agaji na Turai ya yi ta. A waɗannan shekaru ikkilisiyar tana girma da sauri, dubban mutane suna tuba kowace shekara, babu isassun fastoci da masu bishara da za su koya musu. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen yamma kuwa, har da na ikkilisiyoyi, suna da kuɗin gina asibiti da makaranta da rijiya, amma da an ambaci horar da mai bishara sai hannu ya noƙe. Yawancin kuɗin daga gwamnatocinsu yake fitowa, da sharaɗin kada a taɓa wa'azi da shi. A watan Mayu na 1972 shugabannin Mekane Yesus suka aika wa Tarayyar Lutheran wata wasiƙa wadda Gudina yake cikin manyan masu tsara ta. Wasiƙar ta nuna cewa mutum ba ciki ne kaɗai ba, ba kuma ruhu ne kaɗai ba. Tsofaffin 'yan mishan sun yi kuskure inda suka mai da asibiti da makaranta ƙugiyar kama mutane kawai, sababbin masu agaji kuma suna yin kuskuren da ya fi wannan, da suke auna ci gaba da abin duniya kaɗai, kamar wanda ya ƙoshi ba shi da sauran bukata. Wasiƙar ta jawo muhawara a manyan tarurrukan ikkilisiyoyin duniya, har yau kuma ana karanta ta a makarantun tauhidi.

Farin da ya ƙone arewacin Nijeriya da Nijar a 1973 bai bar Habasha ba. A lardin Wollo dubban mutane suka mutu da yunwa, fada kuwa ta yi ƙoƙarin rufe zancen. Da asiri ya tonu, ɗalibai da direbobi da malaman makaranta da ƙananan sojoji suka tashi. Ranar 12 ga Satumba 1974 wani kwamitin sojoji da ake kira Derg ya tumɓuke sarki. A watan Nuwamba aka harbe manyan tsohuwar gwamnati kusan 60 a dare ɗaya ba tare da shari'a ba. A watan Disamba aka yi shelar gurguzu, ranar 4 ga Maris 1975 kuma aka mai da dukan ƙasar noma mallakar jama'a, aka soke biyan mai ƙasa. Dole a faɗi gaskiya: talakawan kudu da yamma, waɗanda su ne yawancin membobin Mekane Yesus, sun yi murna. Sabuwar gwamnati ta raba addini da mulki, ta sa ranakun sallar Musulmi cikin ranakun hutu, masu bin ɗarikun bishara suka ga kamar yanzu ne za su zama 'yan ƙasa daidai da kowa.

Amma gurguzun da matasan jami'a suka kawo wa sojoji ba rabon gona ne kaɗai ba. Koyarwa ce cikakkiya ta Karl Marx da Lenin, mai amsa kowace tambaya. Tana cewa babu abin da yake akwai sai abin da ake gani a taɓa. Mutum ne ya ƙago Allah saboda tsoro da wahala. Tarihi duka faɗa ne tsakanin masu dukiya da marasa ita, addini kuwa makami ne a hannun masu dukiya, yana lallashin talaka da alkawarin sama domin kada ya nemi haƙƙinsa a ƙasa. In aka kawar da talauci da jahilci, addini zai bushe da kansa, in ya ƙi kuma a taimaka masa. Ba a Habasha kaɗai wannan iska ta kaɗa ba. A 1974 ɗin nan Mathieu Kerekou ya yi shelar irin wannan aƙida a maƙwabciyar Nijeriya, ƙasar da ake kira Benin a yau. A jami'o'in Nijeriya ma ta sami malamai da ɗalibai masu kishinta, har kwamitin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa don jin ra'ayin jama'a a kan makomar siyasa ya ba da shawarar gurguzu a rahotonsa na 1987, gwamnati ce ta ƙi karɓa.

Shugabannin addini da yawa, in irin wannan ta taso, ɗaya cikin biyu sukan yi: ko su la'anci abin gaba ɗaya su manne wa tsohon tsari, ko su bi sabon mai mulki su nemo masa ayoyi. Gudina bai yi ko ɗaya ba. Ya san cewa zargin 'yan gurguzu yana da ƙafar tsayawa a ƙasar da aka shekara ɗaruruwa gicciye yana tsaye kusa da kursiyin sarki, manomi kuwa yana kwana da yunwa. A farkon 1975 ɗarikar ta aika wa dukan ikkilisiyoyinta wasiƙar makiyaya. Ta yi maraba da neman adalci da daidaito, ta ce a shirye take ta ba da hannu wajen gina ƙasa, ta nemi a bi doka a kiyaye haƙƙin ɗan Adam. Sai ta ja layi guda: babu aƙidar siyasa da za a ɗauke ta kamar ita ce gaskiya ta ƙarshe, cikakkiyar biyayya ta Allah ce shi kaɗai. Bayan 'yan watanni Gudina ya rubuta wa shugaban ɗarikar, Emmanuel Abraham, doguwar takarda yana neman ikkilisiya ta fara gyara daga cikin gida, ta rage tazarar da ke tsakanin manyan albashi da ƙanana, ta kuma koyi tsayawa da ƙafarta tun kafin a toshe hanyar kuɗin waje. Ya shirya tarurrukan ƙara wa juna sani a kan Kiristanci da gurguzu, domin fastoci su san abin da koyarwar take faɗa daga bakin masu ita, kada su riƙa yaƙi da jita-jita.

Cikin masu wannan koyarwa kuwa akwai Baro Tumsa. Yaron da Gudina ya rena ya zama masanin haɗa magunguna kuma lauya, ya yi suna tun yana jagorantar ɗalibai a jami'a, yanzu kuma yana cikin farar hula da sojoji suka jawo domin su wayar da kan jama'a a kan gurguzu. A watan Afrilu na 1976 Mekane Yesus ta yi babban taronta a Najo, garin da Gudina ya koyi tauhidi. Aka ba Baro dama ya tsaya a gaban wakilan ikkilisiya ya yi jawabi a kan ikkilisiya da aƙidun siyasa. Ya kare gurguzu a matsayin hanyar da za ta fitar da Habasha daga talauci da danniya. Gudina kuma ya gabatar da nasa jawabi a kan rashin bangaskiya da yadda ya bayyana cikin tarihi. Wa da ƙane, ciki ɗaya, a gaban fastoci da dattawa, suna jayayya a kan abin da ya fi kome girma.

Matsayin da Gudina ya riƙe, a Najo da kuma cikin sauran rubuce-rubucensa, ba mai wuyar ganewa ba ne. Ya raba abu biyu da 'yan gurguzu suka ɗaure wuri ɗaya. Akwai rabon ƙasa da adalci ga ma'aikaci da ilimi ga ɗan talaka. Waɗannan mai bi ba ya bukatar Marx ya koya masa su, annabawa sun riga sun yi kuka a kansu. Akwai kuma koyarwar cewa babu Allah, mutum kuma ƙasa ce kawai mai motsi. Wannan ba sakamakon binciken kimiyya ba ne, ko da yake da sunan kimiyya ake tallarta. Ita ma bangaskiya ce, tana neman zuciyar mutum ɗungum, zuciyar mai bi kuwa tana da mai ita. Abin da ya biyo baya ya nuna inda haɗarin yake. Gwamnatin da ta ce babu wanda yake bisanta ba ta da wanda za ta ba lissafi, talakan da ta zo ceto kuma ba shi da inda zai kai ƙararta.

A nan ya kamata iyaye su dakata kaɗan. Yaran da suke karatu a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ko waɗanda suke kwana a Facebook, sukan dawo gida da tambayoyin da ba su da nisa da na Baro. In Allah yana nan, me ya sa masu yawan ambatonsa suke cin dukiyar jama'a? Me ya sa ƙasar da ta cika da majami'u da masallatai ta cika da zalunci? A gidaje da yawa amsar ita ce tsawa, ko a ce yaron ya sami iska a kai shi addu'a. Gudina bai kori ƙanensa ba, bai hana shi magana ba, bai kuma yi kamar tambayarsa ba ta da nauyi. An ba shi wuri a taron ikkilisiya, aka saurare shi, aka amsa masa da hujja. Akwai kuma wani ruɗani da ake yawan yi a muhawarar siyasar ƙasar nan. Sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma, wasu kuwa sukan ji wannan kamar an ce babu Allah. Tarihin Habasha ya nuna abubuwan biyu dabam suke. Lokacin da aka raba addini da mulki, masu bi marasa rinjaye sun sami numfashi. Tsanani ya zo ne sa'ad da gwamnati ta ɗauki rashin addini ya zama addininta.

Ba a daɗe ba kuwa ya zo. Tun a watan Fabrairu na 1976 aka tuɓe shugaban Ikkilisiyar Orthodox, Abuna Tewofilos, aka kulle shi. A watan Fabrairu na 1977 Mengistu Haile Mariam ya kashe abokan hamayyarsa a cikin Derg ya riƙe mulki shi kaɗai, wata guda bayan haka aka ƙwace gidan rediyon da aka ambata a farko. Sai abin da gwamnati da bakinta ta sa wa suna Jan Ta'addanci. Aka riƙa harbe matasa ana barin gawarsu a titi, iyaye kuma sai sun biya kuɗin harsashi kafin a ba su gawa. Mafi yawan waɗanda aka kashe 'yan gurguzu ne na wasu ɓangarori. Baro kansa ya raba gari da sojoji, ya shiga daji tare da masu fafutikar 'yancin Oromo, aka kashe shi a gabashin ƙasar a 1978. A ƙauyuka kuma jami'an gwamnati suka riƙa sa taron dole da aikin gayya ranar Lahadi da safe, daidai lokacin sujada. Aka rufe majami'u, aka mai da waɗansu ofisoshi da ɗakunan taro, aka ɗaure matasa 'yan mawaƙa ana dukansu don su yi musun Ubangijinsu. Aka laƙaba wa ɗarikun bishara sunan addinin da aka shigo da shi daga waje. Wannan bai tsaya kan Mekane Yesus ba. Ikkilisiyar Kale Heywet, wadda ta fito daga aikin S.I.M., mishan ɗin da ya iso Kaltungo a 1917 ya kuma shiga Habasha a 1927, ita ma ta ga rufe majami'u da ɗaure shugabanni.

Gudina ya ga cewa in ikkilisiyoyi suna rarrabe za a cinye su ɗaya bayan ɗaya. A 1976 ya jagoranci kafa majalisar haɗin kan ikkilisiyoyin Habasha, wadda ta tara 'yan Orthodox da Katolika da ɗarikun bishara, aka zaɓe shi shugabanta. Gwamnatin da ba ta son kowace ƙungiya da ba ita ta kafa ba ta sa masa ido. Tana kuma zarginsa da hannu cikin fafutikar Oromo, saboda ƙanensa da kuma yadda bai taɓa ɓoye damuwarsa da halin mutanensa ba. Duk da haka ta so ta yi amfani da sunansa, domin an san shi a Turai, ita kuwa tana bukatar agajin Turai. Aka nemi ya shiga tawagar da za ta zaga can ta shaida cewa akwai 'yancin addini a Habasha. Ya ƙi. Yana da fastoci a kurkuku, ba zai je ya ce lafiya lau ba. A watan Oktoba na 1978 aka kama shi, aka tsare shi na 'yan makonni, aka sake shi.

Ranar 1 ga Yuni 1979 aka sāke kama shi. Wannan karon abokansa na waje suka tabbata kashe shi za a yi. Bishop Josiah Kibira na Tanzaniya, wanda yake shugabancin Tarayyar Lutheran ta Duniya tun 1977, ya kai kuka wurin Shugaba Julius Nyerere, Nyerere kuma ya sa baki wurin Mengistu. Bayan mako uku aka sake shi. Nyerere ya buɗe masa hanyar fita zuwa Tanzaniya, wani faston Jamus mai suna Christian Krause ya kai masa saƙon, ya faɗa masa a fili cewa in aka kama shi karo na uku ba zai fito da rai ba. Kowa ya san abin da ya sami Akbishop Janani Luwum a hannun Idi Amin shekara biyu kafin wannan. Gudina ya ƙi tafiya. Ya nuna wa baƙonsa 2 Korantiyawa 5:15, ayar da take koyar da cewa wanda Almasihu ya mutu dominsa ba shi da sauran ikon rayuwa don kansa. Shi ne ya riƙa roƙon fastocinsa kada su gudu su bar garke, ba zai zama na farkon hawa jirgi ba. Bonhoeffer, wanda ya karanta a St. Paul, shi ma ya sami mafaka a Amurka a 1939 ya baro ta ya koma Jamus.

Cikin makonnin da suka rage masa ya rubuta takardarsa ta ƙarshe, a kan matsayin Kirista a cikin al'ummar da ya sami kansa. Mai neman zafin rai a cikinta ba zai samu ba. Mutumin da aka ɗaure sau biyu yana koya wa jama'arsa su bi dokar ƙasa, su biya haraji, su yi aiki tare da hukuma da sauran 'yan ƙasa cikin duk abin da zai amfani jama'a, ko da gwamnatin ba ta san Allah ba. Iyaka ɗaya ya sa, wadda manzanni suka sa a Ayyukan Manzanni 5:29, wato inda aka umarci mai bi ya yi abin da ya saɓa wa dokar Allah. Ya kuma yi gargaɗin da ba a cika ji daga bakin masu wa'azin tsanani ba: kada mai bi ya tsokano fitina don ya zama shahidi, kada ya nemi suna a tarihi. Ba ya miƙa wuyansa sai ya tabbata nufin Allah ke nan. Wannan ya nuna cewa zamansa a Addis Ababa ba taurin kai ba ne, abu ne da ya auna ya kuma yi addu'a a kansa.

Da yammacin Asabar 28 ga Yuli 1979, shi da matarsa suka fito daga majami'ar Mekane Yesus ta Urael a Addis Ababa, inda ya koyar da Maganar Allah. Waɗansu mutane cikin farin kaya suka tare su suka tura su cikin motoci dabam dabam. Aka sauke Tsehay a wani gefen gari. Shi kuwa a daren nan aka shaƙe shi ya mutu, yana da shekara 50. Gwamnati ta ce ba ta san inda yake ba. A shekarar nan aka kashe Abuna Tewofilos, shi ma a ɓoye.

A watan Fabrairu na 1980 aka kama Tsehay. Aka azabtar da ita azaba mai tsanani, aka ajiye ta a kurkuku kusan shekara goma ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. A can ta riƙa tara mata 'yan'uwanta fursunoni suna addu'a, duk tsawon lokacin ba ta san ko mijinta yana da rai ba. A 1981 gwamnati ta ƙwace babban ofishin ɗarikar. A yammacin ƙasar, inda Mekane Yesus ta fi ƙarfi, aka rufe yawancin majami'u, masu bi suka koma taruwa a gidaje da dare, kaɗan kaɗan. Wata ƙaramar ɗarika mai suna Meserete Kristos, wadda aka haramta gaba ɗaya a 1982 tana da membobi wajen dubu 5, ta fito daga ɓoye bayan shekara tara da fiye da dubu 30. Mekane Yesus kuwa a yau ta haura mutum miliyan 10, ita ce ikkilisiyar Lutheran mafi girma a duniya.

An saki Tsehay a 1989. A watan Mayu na 1991 Mengistu ya gudu Zimbabwe, gwamnatinsa ta rushe, a 2006 kuma wata kotun Habasha ta same shi da laifin kisan kiyashi a bayan idonsa. Sai bayan faɗuwar Derg aka gano inda aka binne Gudina, a harabar wani tsohon gidan sarauta a Addis Ababa. Aka tono ƙasusuwansa, aka yi masa jana'izar Kirista a watan Yuni na 1992, shekara 13 bayan daren da aka ɗauke shi. A shekarar nan iyalinsa suka kafa gidauniya da sunansa, wadda ta tattara rubuce-rubucensa ta buga, ta kuma shiga aikin makarantu da ruwan sha a tsakanin makiyaya. Tsehay Tolessa ta rasu a 2014.